Wa ke gyara wa marubutanmu rubutu yanzu?

Maman Sadiya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai sai na amayar da shi. Daren jiya na kammala wani littafi da nake bi a waya tun kafin azumi, shafi 140 da ɗoriya. Da na kai ƙarshe sai na ajiye wayar na tambayi kaina, to me ya faru a ciki? Yarinya ta so wani, uwarsa ta ƙi, aka ɗaura aure, kishiya ta shiga malamai, asiri ya karye. Iyakarsa ke nan. Sauran duk lissafin kayan ɗaki ne da sunayen motoci da kalar leshin da aka saka ranar kamu. Kuma wallahi yarinyar ta iya rubutu, abin da ya fi ba ni takaici ke nan. Akwai wurin da uwar ta zauna ita kaɗai a tsakar gida tana tsince shinkafa bayan an kai 'yarta, sai da na yi hawaye. Amma sai ka ratsa shafi 20 na surutu kafin ka iske irin wannan.

Haka finafinan nan masu dogon zango. A shigo falo, a gaisa, a tambayi yara, a kawo ruwa, a sha, minti 10 sun tafi ba a ce komai ba.

Ni da littafin haya na tashi. A unguwarmu akwai wani dattijo mai shago, yana jera littattafai a kwalin madara, ya naɗe bangon kowanne da takardar buhun siminti, ya rubuta sunan da biro. Kwana biyu yake ba ka, in ka yaga shafi ka biya kuɗin sabo. Ra'ayina shi ne ba takarda muka rasa ba, kuma ba basira ce ta ƙare ba. Mai gyara muka rasa, wanda zai karanta kafin jama'a su gani ya ce cire nan, da mai sharhi wanda zai faɗi gaskiya bayan abu ya fito. Ko ni kaɗai ke ganin haka?

Ɗan Ƙofar Wambai:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ba ke kaɗai ba ce, amma bari in faɗa miki ta ɓangaren kasuwa, don na shekara 14 ina sayar da kaset da faifai. A da furodusa zai yi fim kashi 1 da 2, ya kawo mana, mu buga kwali, mu raba wa dillalai daga Sakkwato har Maraɗi. Kuɗinsa na dawowa ne daga yawan kwafin da aka saya. Da masu tura fim a waya suka cika kowace kwana, faifai ya mutu murus. Yanzu YouTube ke biya, kuma lissafinta na talla ne da yawan kallo. Wanda ya saki kashi ɗaya duk mako shi ke ci, wanda ya yi fim guda mai kyau na awa 2 ya ci sau ɗaya ya koma gefe. To don me ba za su ja labari ba? In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu masu kallo mu ke komawa duk mako.

Tsohon Malamin Hausa:
Hajiya Maman Sadiya, Allah ya yi miki albarka, kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ku yi haƙuri zan ɗan tsawaita.

Ƙagaggen labarin Hausa na boko da hannun mai gyara aka haife shi. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasa, daga nan aka samu littattafai biyar ɗin nan da muka koyar shekara da shekaru, ciki har da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ku ɗauko su ku auna kaurinsu. Sirara ne, a zama ɗaya ana iya gama kowanne, amma yau shekara 90 ba a daina karanta su ba. Da aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Imam ɗin nan ne ya zama editanta na Hausa, kuma Hausar da ya daidaita a shafukanta ita muka gada. Wato tun fil azal akwai wanda ke zaune da jan biro tsakanin marubuci da mai karatu.

Sai dai zan ja hankalinki kan abu guda. Littattafan hayar nan da kike kewa, su ma ba su ga edita ba. Marubutan da suka ɓullo a Kano daga wajen tsakiyar shekarun 1980 da kuɗinsu suke bugawa, su kai wa masu sayarwa da kansu, domin kamfanonin ɗab'i sun koma kan littattafan makaranta. Kuma abin da kike faɗa a kan 'yan waya yau, shi aka faɗa a kansu, har da ƙari. An yi shekaru ana gwabzawa a jaridu, Ibrahim Malumfashi na kiransu Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu na kare su. Ni a lokacin ina ɓangaren masu suka. Na ƙwace littattafan nan daga hannun ɗalibai mata ba adadi, ina zuba su a durowar ofis. Abin da ya juya mini tunani shi ne na lura yaran da nake ƙwace wa su ne suka fi kowa iya karatu a bayyane, kuma in aka ba da insha'i su ke cika shafi biyu ba gargada. Wata rana na buɗe durowar na ɗauki ɗaya na tafi da shi gida. Ƙa'idar rubutu babu, an haɗe kalmomi an raba wasu, amma labarin auren dole da ke ciki na san gidaje uku a layinmu da ya faru a cikinsu.

Maman Sadiya:
Allah ya gafarta Malam, na karɓi gyara. Gaskiya ne su ma ana yi musu kashi 1, 2, 3 don a sayar sau uku. Amma ko ba edita akwai abin da ke taka musu birki, wato kuɗin takarda. Duk shafin da ka ƙara sai ka biya maɗaba'a, dole ka yi tunani kafin ka ƙara. Waya kuwa ba ta cika.

Alƙalamin Dare:
Assalamu alaikum iyayena. Tun ɗazu nake karantawa ina ta rubutu ina gogewa. Ni ina cikin waɗanda ake magana a kansu, littafina na huɗu nake yi yanzu a WhatsApp.

Anti, ba zan musa miki ba, muna ja. Amma ina so ki san yadda shafin nan yake zuwa wayarki. Sai na gama aikin gida, yara sun yi barci, wajen ƙarfe 11, sannan in jingina da bango in fara bugawa da babban yatsa. In babu wuta ina kallon cajin yana sauka. Wani lokaci sai na kai rabi wayar ta ɗauke, abin da na rubuta ya tafi. Da asuba kafin in idar da salla saƙonni sun fi 50, kowa na cewa ina ci gaba. Ranar da ɗana ya kwana asibiti ban saki shafi ba, wata ta rubuto mini cewa in na san ba zan iya ba in mayar mata da kuɗinta. Naira 500 ce fa ta biya, na littafin gaba ɗaya. Kuma kafin in kai rabi wata ta kwashe shi ta watsa a wasu zaurukan kyauta, wani ma ya ɗora murya ya sa a YouTube ba tare da ya ko gaishe ni ba.

A haka wa zai gyara mini? Da wane lokaci? Abin da na rubuta da daddare shi ake karantawa da safe. Kuma na taɓa gwada taƙaitawa. Littafina na biyu shafi 35 ne, ni a wurina ya fi sauran, amma aka ce na yi rowa, wasu suka ce kuɗinsu bai fita ba. Masu karatun nan da kansu suke cewa a faɗa musu kayan lefe ɗaya bayan ɗaya.

Maman Sadiya:
Ƙanwata, Allah ya ba yaron lafiya mai ɗorewa. Wallahi ban san haka abin yake ba, kuma wadda ta yi miki maganar nan ba ta kyauta ba. Ban zo don in ci fuskar kowa ba. Da ban ga alheri a rubutunku ba da ban ɓata kuɗin data a kansa ba.

Abban Fagge:
Ni dai a ganina maganin duk wannan hukuma ce. Ya kamata hukumar tace finafinai da ɗab'i ta Kano ta sa doka, duk littafin da zai fita ko a waya ne sai an kai mata ta duba. Wasu abubuwan da ake rubutawa ba su dace yaranmu su gani ba.

Tsohon Wakili:
Malam Abba, batsa a rubutu damuwa ce ta gaske, ni ma ina da 'ya'ya mata. Amma tacewa daban, gyara daban. An kafa hukumar nan tun 2001, kuma mun ga lokacin da aka matsa sosai, a 2007 har littattafai aka tara aka cinna musu wuta a Kano, marubuta suka shiga ɗar-ɗar. Wace jimla ce ta gyaru saboda wannan? Mai tacewa yana neman abin da zai hana ne. Ba aikinsa ba ne ya ce maka tauraron labarinka ba shi da dalilin yin abin da ya yi a babi na 6.

Bari in koma kan mujalla, tunda Hajiya ta ambaci sharhi, kuma nan ne na ci abinci shekara 7. Lokacin da fim ɗin bidiyo ya bunƙasa bayan Turmin Danya na 1990, mujallu suka biyo baya. Tauraruwa ta fito a Kano a 1998, a cikinta ne ma aka fara kiran masana'antar Kannywood, sannan Ibrahim Sheme ya fara mujallar Fim a 1999. Ƙanana da yawa sun taso a bayansu, a ɗaya daga ciki na yi aiki, ba zan kama suna ba. Editanmu wani siririn mutum ne mai shan shayi ba madara. Ranar da na kai masa rahotona na farko, shafi 4 da hannu, ya karanta a tsaye, ya zare jan biro daga aljihun gaba ya soke shafin farko gaba ɗaya, tun daga "kamar yadda masu karatu suka sani" har ƙasa. Ya ce, "In sun sani me ya sa kake faɗa musu?" Na fita raina a ɓace. Da mujallar ta fito na karanta abin da ya rage, sai na ga ya fi nawa nesa ba kusa ba. Har yau in na rubuta ko saƙon waya ne ina jin muryarsa.

Amma kada mu yi wa mujallun nan kwalliyar da ba tasu ba. Abin da ke sayar da su hoton jaruma ne a bango da labarin wa zai auri wa, wa ya yi faɗa da wa. Sharhin fim na gaskiya shafi ɗaya ne ko biyu, can ciki. Kuma shi ma da igiya a wuyansa, don masu shirya fim su ke ba da talla. Na taɓa rubuta cewa wani fim kwafin na Indiya ne tun daga farko har ƙarshe, har waƙoƙin. Gaskiya na faɗa, kowa ya sani. Mai fim ɗin ya janye tallarsa na wata 3, aka kira ni ofis aka ce in riƙa sassautawa.

Abin da na fi kewa shi ne shafin wasiƙu. Buhu guda muke kwasowa daga gidan waya, daga Gusau, Yola, Agadas, Kumasi, har daga mutanenmu da ke Sudan da Saudiyya. Mutum zai zauna ya cika takarda gaba da baya yana bayanin dalilin da ya sa ƙarshen wani fim bai gamsar da shi ba, ya sayi kan sarki, ya jira wata guda ya ga ko an buga. Wanda ya sha wannan wahala ba ya rubuta shirme.

Ɗan Damagaram:
Gaskiya ne Malam Wakili, ni ma na taɓa aikowa, ba a buga ba, amma ban yi fushi ba. Mu nan Nijar a lakwal, wato makarantar boko, Faransanci aka koya mana, ba Hausa ba. Da littattafan Kano da mujallun fim na koyi karanta harshena. Farko ina ta tuntuɓe, don mu in muka ga "c" ko "u" wani sauti daban muke ba su. Wani yayana ke kawo su in ya je sarin kaya, mujalla guda sai ta zaga gida 10 kafin ta dawo duk ta yi laushi kamar tsumma. Saboda haka ina roƙo, duk gyaran da za a yi kada a raina masu rubutun nan. Ƙannena mata yanzu a waya suke karantawa, kuma ta nan su ma suka iya.

Matashin Zoo Road:
Iyayenmu ku yi mini afuwa, amma kamar ana ɗora wa fim laifin da ba nasa ba. Ni a wajen ɗaukar fim nake aiki, ina riƙe fitila. Tun da Arewa24 ta fara a 2014 aka ga shirye-shirye masu dogon zango da ake zama a rubuta su da tsari, mutum uku ko huɗu a kan labari guda, wani na gyara wa wani. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Matsalar tana wurin waɗanda ke zuwa wajen ɗauka ba takarda a hannu, darakta ya ce wa jarumi kai ka yi fushi, ke ki ba shi haƙuri, a kunna kyamara. Na gani da idona. Kuma marubucin labari shi ne wanda aka fi raina wa kuɗi a harkar, wani lokaci abin da ake ba shi bai kai na hayar mota ɗaya ba.

Maman Sadiya:
Ɗana, wannan magana taka ta ƙarshe ita ce. Amma ni ko fim ya yi kyau littafi ya fi zauna mini. Na karanta In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ina budurwa, daga baya aka mayar da shi fim na kalla. Ba wai fim ɗin bai yi ba ne. Fuskar da na ƙera wa yarinyar a raina ce ba ita na gani ba, kuma duk zancen zucin da ya sa na ƙaunace ta babu yadda kyamara za ta ɗauko shi. A littafi kana cikin kan mutum. A fim kana tsaye a bakin ƙofa kana leƙe.

Tsohon Malamin Hausa:
'Yata Alƙalamin Dare, maganarki ta tsaya mini. Ina da tambaya. Kin taɓa shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara wa mata a 2016?

Alƙalamin Dare:
Na shiga sau biyu Baba, ban kai ko'ina ba. Amma ita ce ta fara nuna mini abin da Anti ke faɗa. An ce kada a wuce kalma 1,500. Labarin da na rubuta ya kai 4,000. Kwana 6 ina yanka, ina jin kamar naman jikina nake cirewa. Da na gama na ba mijina ya karanta, ya ce bai ga inda aka cire komai ba.

Tsohon Malamin Hausa:
To kin riga kin san aikin, abokin yi kika rasa. Ni na yi ritaya, lokaci gare ni har ya yi yawa. Turo mini shafi 10 na farkon wanda kike yi yanzu. Ba na karɓar ko kwabo, amma sharaɗina ɗaya, ba zan yi miki kara ba.

Alƙalamin Dare:
Na tura Baba. Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma.

Tsohon Malamin Hausa:
Na karanta sau biyu bayan isha'i, kuma da izininki zan faɗa a nan don wasu su amfana. Shafi 3 na farko bayanin gidan Alhaji ne, tun daga ƙofar waje har labulen ɗaki. Cire su. Labarinki ya fara ne a shafi na 4, inda uwar ta tsinci takardar asibiti a aljihun rigar mijinta tana shirin wanki, ta karanta, ta mayar, ta ci gaba da wankin ba ta ce wa kowa komai ba. Wannan wurin ko a gaban wa zan iya kare shi. Daga nan ki buɗe. Sai ƙa'ida: kina haɗe "ya ce" da "ta ce", ki raba su, kuma ki nemo manhajar da ke da ƙ da ɗ da ɓ, domin kin rubuta "kofa" da "baki" a inda ma'ana ta rikice. Na uku, ƙawar nan mai ban dariya da ta shigo a shafi na 7, ban ga aikinta ba. A ganina ita ma ta tafi.

Alƙalamin Dare:
Na gode Baba, na cire shafi ukun tun ɗazu, kuma na ga bambanci. Manhajar ma na sauke. Amma ƙawar nan ina neman alfarma a bar mini ita. Ita ce za ta kai takardar wurin kishiyar a shafi na 30, kuma in ba a saba da ita tun farko ana dariya ba, cin amanar ba zai yi zafi ba.

Tsohon Malamin Hausa:
Ashe da dalili. To a bar ta, amma rage mata surutu, layi 5 sun ishe ta a shigowar farko. Turo mini har zuwa shafi na 30 ɗin in ga yadda kika kai ta can.